Shirin Tafiyar Kallon Tsuntsaye da Damina

Sau da yawa akan tambaye mu ko damina ta dace da tafiyar kallon tsuntsaye a mota. Ta dace, amma fa sai mutum ya san abin da zai tarar.

Wanda ya nufi fadamar Haɗeja da Nguru cikin Yuli don ganin agwagin ruwa na ƙasashen Turai ya yi asarar mansa. Su baƙin rani ne, sukan sauka wajen Oktoba, kafin ƙarshen Afrilu sun koma gida yin ƙwai. A bar wannan hanya sai hunturu.

Damina tana da nata baƙin. Shamuwa takan taso daga kudancin Afirka, ta iso tare da ruwan farko, ta yi sheƙa bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. A lokacin ne kuma namijin marai yake ado da ruwan ɗorawa, yana ta saƙa. Saboda haka a tashi daga Jos, a gangara Bauchi ana duban itatuwan ƙauyuka, a kwana a Yankari, inda aka ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350.

Kada a sauka daga kwalta sai an tambayi mutanen wurin labarin laka da lafiyar hanya. In an shiga ƙauye kuwa, a fara gai da mai gari kafin a fito da madubin hangen nesa, gama baƙon da ke leƙen itatuwa a bayan gidajen mutane ba a rasa yi masa wata fassara.