Ƙwayoyin cuta masu tauri: jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Tsibiri

Yau zancenmu na lafiya ne. Da yawa cikinku kun sha faɗin cewa maganin yanzu ba ya da ƙarfi kamar na da. Yaro ya sha ƙwaya, an yi masa allura, amma cuta ta ƙi tafiya. Sau da yawa magani yana nan yadda yake. Cutar ce ta yi tauri.

Bari mu fara daga tushe. Akwai wasu ƴan halittu ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Suna cikin ruwa da ƙasa, suna bisa hannunmu, sun cika hanjin kowane mutum. Galibinsu ba su cutar da mu. Amma wasu, in sun shiga jini ko huhu ko mafitsara, sai su kwantar da mutum. Maganin da ke kashe su shi ake kira antibiyotik. Amoksisilin yana cikinsu, haka ma kafso ja da rawaya da kuke gani a kasuwa.

Wani likitan bincike a Ingila, Alexander Fleming, shi ya gano penisilin a 1928. A 1945 ya yi gargaɗi cewa in ana shan wanda bai kai ƙima ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Maganarsa ta tabbata.

To, ƙaƙa suke yin tauri? Ku saurara da kyau.

Bakteriya tana haihuwa ta hanyar rabuwa gida biyu. Wata irin, in ta samu wuri mai daɗi, tana rabuwa kowane minti 20. Guda ɗaya da asuba, kafin azahar ta wuce miliyan 2. Cikin wannan taro ba duka suke daidai ba. Jefi-jefi akan samu ɗaya da ta fito daban, wadda magani ba ya kamawa.

Ku manoma kun san wannan. Shekarar fari, hatsi ya ƙone, amma wasu zangarniya sun tsira. Su za ku ajiye iri. Baɗi gonar duka ta zama irin mai jure fari. Haka antibiyotik yake yi a cikin ciki. Yana kashe masu rauni, ya bar masu tauri. Fili ya zama nasu, abinci ya zama nasu, sai su hayayyafa. Duk sa'ad da aka sha antibiyotik, an yi wannan zaɓen iri, ko da buƙata ko babu.

Akwai abu na biyu. Kun ga ƴan tauri ranar wasa, yadda suke karya wuƙa. Wasu bakteriya suna fitar da wani ruwa mai karya maganin kafin ya taɓa su. Kuma sirrin bai tsaya gun ɗiyansu ba. Bakteriya tana iya matsowa kusa da maƙwabciyarta, ko ba danginsu ɗaya ba, ta miƙa mata shi, kamar yadda mutum ke ba abokinsa laya. Wadda jiya magani ke kashewa, yau ta gagara.

Wannan abu ya fi faruwa a asibiti. Dalili a fili yake. Can ne marasa lafiya suka taru, jikinsu ba ƙarfi. Can ne aka fi aiki da antibiyotik. Gado kusa da gado, hannu ɗaya ya taɓa wannan ya taɓa wancan.

Kada ku ce labarin ƙasar Turawa ne. A nan Maraɗi aka auna shi. Daga 2007 zuwa 2008, masu bincike sun duba kashin yara 55 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani, a cibiyar ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF. Ranar shiga, 17 cikinsu suna ɗauke da bakteriya masu karya magani a hanjinsu. Ke nan tun daga gida suka zo da su. Cikin waɗanda suka shigo ba su da su, an sake duba 16 ranar sallama. An tarar 15 sun ɗauka.

An sake wani bincike a ƙasar Madarunfa daga 2012 zuwa 2013, kan yara masu tamowa da ake jinya a gida. An ba wasu amoksisilin kwana 7, wasu ba a ba su ba. Bayan mako ɗaya, wajen 54 cikin 100 na waɗanda suka sha sun ɗauki masu taurin. Waɗanda ba su sha ba, wajen 32 cikin 100. An kuma ga taurin yana ratsawa zuwa ƴan'uwan yaron da ke gida ɗaya da shi.

Ku gane, ɗaukar su a hanji ba shi ne ciwo ba. Yaro yana iya yawo da su lafiya lau. Haɗarin yana ranar da suka shiga jininsa. Ran nan magani mai araha ba zai yi ba. Sai an nemo mai tsada, wanda ba kowane gidan likita ke da shi ba. Akuya ta tafi, hatsin rumbu ya tafi, wani lokaci yaron ma ya tafi. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda wannan tauri, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina asara.

Wani zai ce, to mu daina zuwa asibiti. A'a! Yaron da ke numfashi da sauri, ko ya kasa shan nono, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi ran nan. Antibiyotik ya ceci rayuka ba iyaka, yana kuma ceto. Don haka ne ya kamata mu yi tattalinsa, kamar rijiya ɗaya a gari.

Ga abin da ke hannunmu:

Na ɗaya, kada mu sayi antibiyotik gun mai talla a faranti, ko a kasuwar Tsibiri ko ta Jiratawa ko tashar Maraɗi. Rana ta gasa shi, ba mu san na ƙwarai ba ne ko jabu. Ƙwaya biyu ta kuɗin goro ba ta warkarwa, sai dai ta zaɓi iri.

Na biyu, antibiyotik ba ya maganin mura, ba ya maganin masassarar sauro. Zawon ruwa na yara, galibi ruwan gishiri da sukari na gidan likita da ƙwayar zinki yake so. In likita ya ce ba sai antibiyotik ba, kada mu yi fushi, kada mu matsa masa.

Na uku, in an rubuta mana, mu sha yadda aka ce, lokacin da aka ce, kwanakin da aka ce. Kada a rage a ajiye wa ƙanensa. Kada a ba kishiya ko maƙwabci. Kada a zuba wa kaji da awaki ba da shawarar likitan dabbobi ba, don tauri ba ya bambanta hanjin mutum da na dabba.

Na huɗu, ke mai jinya a asibiti, wanke hannu da sabulu bayan kin yi wa yaro tsarki, da kafin ki ba shi abinci. Kofinsa da cokalinsa nasa ne shi kaɗai. Zumunci yana da kyau, amma kada a riƙa ɗaukar jaririn gadon kusa. In an sallame ku, ku ci gaba da sabulu a gida, kashin yara kuma a zuba shi a salga.

Na biyar, mu kai yara rigakafi. Yaron da bai kwanta ba, ba ya buƙatar magani.

Ku da kuka koyi karatu, yanzu kuna iya duba takardar likita ku san sau nawa za a sha, kwana nawa. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ku kai wannan jarida majalisa da bakin rijiya.

Allah shi ba mu lafiya da damina mai albarka.