Makaniken da ke bin kamiyo har daji

 

Yau maganata a kan wani ma'aikaci ce da ba ya da biro, ba ya da albashin ƙarshen wata, kuma ba a cika gayyatar shi taro irin wannan ba. Makaniken manyan motoci nake nufi, wanda ba ya jiran a kawo mishi mota garaji, shi ke bin ta inda ta mutu.

Ku tuna ƙasarmu ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa mai jigilar kaya. Shinkafa, taki, magani, duk a kan taya suke shigowa. Albasar Galmi a kan taya take zuwa Gana. Man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, cikin tankokin mota yake isa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 a kan hanyar RN1, ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kaya da yawa sun bar hanyar Kwatano sun koma ta Lome da Burkina. Tafiya ta ƙara tsawo, motoci sun ƙara jigata. To idan ɗaya ta tsaya cak tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi, cikin dare, wa ake kira?

Aikin nashi tun a waya yake farawa. Sai ya titsiye direba da tambaya: hayaƙin baƙi ne ko fari? Ta yi ƙara kafin ta mutu? Allurar zafi ta hau? Iska tana taruwa? Da amsoshin nan yake zaɓen abin da zai ɗaura wa babur ɗin shi, don idan ya manta ƙarfe guda, babu maƙwabcin da zai ara mishi a daji.

Sau da yawa gazuwal mai datti ko mai ruwa ne ya toshe filta. Sai ya canza ta, ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai, yana danna ɗan famfon hannu har injin ya kama. Wani lokaci birki ne. Birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma iskar ce ke sake shi. Idan tiyo ya fashe, tayoyi su cije, ko mutum ɗari ba za su tura ta ba. Wani lokaci kuma boris ne ya ƙone don rashin giris, ko ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota sun karye a rami. Idan babu kayan a kusa, sai ya ɗauki hoton abin ya tura ta WhatsApp zuwa ga mai shago a Maraɗi ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a sako a motar haya. Kwana biyu, kwana uku, yana nan gindin mota, shi da direba da yaran mota, tukunya ɗaya. Idan albasa ko tumatir aka ɗauko, mai kaya yana ta kira, don kowace rana asara ce.

Yanzu ku dubi inda yake kwanciya. Ƙarƙashin mota mai cike da kaya, an ɗaga ta da jak a kan rairayi, an tokare da duwatsu da guntun katako. Alamar da za ta gaya wa mai zuwa cewa akwai mota a gaba, rassan itace ne aka jera a kan gudron. Da dare wa ke ganin reshe? In jak ya zame, ko wani ya taho da gudu, shi ke nan. Mafi yawansu ba su da rajista a CNSS, don haka ranar da hannu ya karye, ranar tukunyar gida ta tsaya. Kuma bayan duk wannan, sai ka ji an ce mishi: mai mota yana Yamai, zai turo. Ya yi ta bin guminshi kamar mai roƙo.

Wani ɓangare na wannan wahala, mu mutane muka jawo shi. Tun 2005 ƙasashen UEMOA suka yi doka mai lamba 14 a kan lodin manyan motoci: tan 11.5 a kan aksul guda, tan 51 gaba ɗaya ga tirela mai aksul shida. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ya ga yadda ake labta kaya. Lodin da ya wuce kima shi ke fasa gudron, gudron da ya fashe shi ke karya mota, motar da ta karye kuma makanike ke shiga ƙarƙashinta. Mai ribar yana zaune gida, haɗarin yana kan wani.

Akwai kuma abin da ke tafe. Motocin yanzu, irin su Actros da sabbin DAF, kwamfuta ke tafiyar da injinsu. Sai an jona musu na'ura ta karanta ciwon, ta fito da shi a rubuce cikin Faransanci ko Turanci. Maigidan garaji da ya shekara talatin yana gane ciwon inji da kunne, yau sai ya tsaya yana kallo. Mu kuma da muka yi lakwal, muna iya karanta rubutun, amma ba mu san inda filta take ba, muna zaune a fada muna jiran aikin gwamnati. Kun ga, kowa yana riƙe da rabin abin da ɗan uwanshi ke nema.

Don haka ga abin da nake so mu sa gaba. Na farko, asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na kananan hukumomi su kai horo har garaji, a gwada mutum a kan aikin hannunshi a ba shi takardar shaida. Na biyu, makanikai su haɗa ƙungiya su sayi na'urar nan tare, da ƙarafan tokare mota na ƙwarai, da alamomi masu ƙyalli da dare. Na uku, a buɗe musu hanyar shiga CNSS daidai da yadda suke samun kuɗi. Na huɗu, sikelin awon motoci ya yi aikinshi ba sani ba sabo.

Mu kuma matasa, mu bar yatsine fuska in mun ga riga mai baƙin mai. Hausawa sun ce wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. A wannan mako, kowa ya leƙa garajin unguwarsu, ya gaida maigida, ya tambaye shi abin da ya fi damun shi a aiki, ya rubuto mu haɗa. Da bakinsu za mu kai maganar, ba da namu kaɗai ba.

Allah ya tsare matafiya da masu gyara musu.