Sankarau da kuɗin allura



Yawancinku ba a haife ku ba a 1996, amma ku tambayi iyayenku. A shekarar nan sankarau ya ratsa ƙasashenmu na Sahel, ya kama mutum sama da 250,000, ya kashe wajen 25,000. Cikin waɗanda suka tashi, wasu sun kurmance har abada. Da ma mun san lokacinsa: in hunturu ya kama, iska ta bushe, ƙura ta tashi, sai ya shigo, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ilimin yin rigakafi mai ƙarfi yana nan. Ingila ta fara yi wa yaranta irinsa tun 1999, na nau'in C da ke damunsu. Nau'in A, wanda ke kashe mu, manyan kamfanonin magani ba su kula shi ba. Don me? Masu cutar talakawa ne, ba riba.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗauki aikin. Da suka zo neman shawara, wani babban jami'in ma'aikatar lafiya ta Nijar ya faɗa musu cewa allurar da ta fi ƙarfin aljihunmu, gara ma babu ita. Sai aka yanke farashi tun kafin a yi allurar: kada ta wuce rabin dalar Amurka, kamar dala hamsin ke nan a kuɗinmu na sefa. Wani kamfani a Indiya, Serum Institute, ya yarda. A Disamba 2010 aka fara babban gangamin MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Yayyenku da yawa sun miƙa hannu a lokacin, wataƙila ma kai da ke karanta wannan, kana kuka a bayan mamarka. Nau'in A ya kusan ɓacewa.

To, in mun ce lafiya haƙƙi ce, wannan muke nufi: kada a tambayi aljihun uban yaro kafin a ce ransa ya cancanci tsira.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. A 2015 nau'in C ya faɗo mana, aka rufe makarantu a Yamai, allura ta yi ƙaranci a duniya, iyaye suka yi ta layi a bakin farmasi. Mai kuɗi ya saya, marar shi ya koma gida. Mutum sama da 500 suka rasu.

Ga abin da nake roƙonku a ranin bana. Kowa ya duba karnen rigakafin ƙannensa. In kun ga yaro da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, kada a ce bari a ga gobe, cutar nan tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. A kai shi likita a ranar, ko da a amalanke ne. In gidan ba su da kuɗin mota, ku kira shugaban reshenku, mu haɗa.