Garau da Ƙanƙara: Matsalar Fassara Kalmar Kiristal

Kalmar Turanci ta kiristal tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma rashin rarrabe su shi ne ke jefa masu fassara cikin ruɗani, musamman a littattafan kimiyya na makarantu. Ma'ana ta farko ita ce ta tsabta da haske, watau abin da ido ke ratsawa. A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan, domin amsa-kama ya wadata ta. Akan ce ruwa ya kwanta garau, ko kuwa gari ya waye tangaran. Har ila yau garau takan bar ruwa ta koma kan mutum, a ce majinyaci ya warke garau. Saboda haka ma'aikacin da aka ba shi takardar da ke cewa bayani ya fita kamar kiristal, ba ya bukatar aron kome. Ya rubuta cewa bayani ya fita sarai, shi ke nan.

Ma'ana ta biyu ce mai wuya. A wajen masana kimiyya, ba haske ne ke sa abu ya zama kiristal ba, tsari ne: ƙwayoyin zarra su jeru sahu-sahu bisa ƙa'ida ɗaya mai maimaita kanta. Max von Laue ya tabbatar da haka a Jamus a 1912, da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sannan a 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence suka bayyana yadda ƙwayoyin gishiri suka jeru. To, bisa wannan ma'auni gishirin Balma kiristal ne ko da ya yi dususu, amma gilashin taga, duk da kasancewarsa garau, ba kiristal ba ne.

Wasu sukan fassara ta da lu'ulu'u. Wannan kuskure ne, don kuwa asalin kalmar a Larabci abin da ake cirowa daga cikin kawar teku take nufi, kuma daraja take kawowa a zuciyar Bahaushe, ba tsari ba. Ɗalibin da aka gaya masa gishiri lu'ulu'u ne, dariya zai yi.

Ƙanƙara ta fi kusa. Girkawan da suka haifi kalmar, ruwan da ya daskare suke nufi, suka kuma kira farin dutse mai haske da sunan, don suna zaton ruwa ne ya sandare har abada. Bahaushe ma da suna guda ya kira abin da ke zubowa daga sama da dutsen ƙyastu. Sai dai firji ya riga ya kama kalmar a bakin yaran yau, saboda haka malamin aji zai bukaci ya ƙara mata bayani.