Bayan An Watse Daga Biki

Da zarar an watse daga taron biki a Kano, abin da ke saura a fili shi ne tulin ledojin fiyawata da robobin abinci, wasu ma da rabin shinkafa a ciki. Iska ta kwashe su zuwa magudanai, damina ta zo ruwa ya rasa hanya. Akuyar da ta haɗiye leda kuwa sai ramewa.

Wasu wurare sun ɗauki mataki kan irin wannan shara: Legas ta haramta fararen robobin zuba abinci a Janairun 2024. Ruwanda ta hana leda tun 2008.

Masu biki na da mafita: su yi hayar faranti da kofuna, a dafa daidai yawan baƙi, ragowar a kai makarantun allo da zafinta.