Jawabi Ga Masu Ƙananan Sana'o'i: Yadda Ake Neman Tallafin Jari

Jama'a 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu mazauna Kudu, batun yau shi ne jari, da hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai bi ya same shi.

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Ama Hausa a Owerri, ya san himmar mutanen Arewa. Mai albasa da mai tsire da mai shayi da baduku, yawancinsu da adashe ko rancen ɗan'uwa suka fara, kuma rashin jari ne ke hana su gaba. Sau da yawa kuwa akan raba tallafi a gama ba su ji ba, ko su ji amma takardunsu ba su cika ba.

Da farko wajibi ne a bambanta rance da tallafi. Rance ana biyansa, wani lokaci har da ruwa. Tallafi kuwa kyauta ce bisa sharaɗi. Shirin TraderMoni da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2018, a wancan lokaci rance ne na Naira 10,000 ba tare da jingina ba, wanda ya biya cikin wata shida kuma yakan iya karɓar Naira 15,000. Saboda haka kafin mutum ya sa hannu a kowace takarda, sai ya tambaya: biya za a yi ko kuwa?

Tallafi na ainihi an sha yin sa. A 2011 aka kafa shirin YouWiN, watau gasar tsara kasuwanci, inda waɗanda suka ci suka sami daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 10. A 2020, lokacin annobar korona, an ware Naira 30,000 ga kowane mai sana'ar hannu da aka zaɓa, tare da alkawarin yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta. A 2024 an raba wa ƙananan 'yan kasuwa Naira 50,000 kowannensu, da nufin kai wa ga mutum miliyan 1 a ƙananan hukumomi 774. Har wa yau, tun 2015 Gidauniyar Tony Elumelu take koyar da masu sana'a na ƙasashen Afirka, sa'an nan ta ba waɗanda suka dace Dala 5,000 da ba a biya. Takan buɗe ƙofar nema a farkon Janairu.

Yawancin waɗannan shirye-shiryen tallafi ta intanet aka neme su, kowanne kuma da ranar rufewa. Wanda ya jira sai an yi shela kafin ya fara neman takardu, to, lalle zai makara. Tun ran gini ran zane.

Takardun kuwa su ne lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar banki ta BVN wadda aka fito da ita a 2014, da asusun ajiya da sunan mai nema, da lambar waya tasa ta kansa. Lalle ne suna ya zama iri ɗaya a ko'ina. In an rubuta Mamman a banki, Muhammadu kuma a katin ɗan ƙasa, kwamfuta za ta ɗauka mutum biyu ne. Gyaran yana cin lokaci, saboda haka a yi shi tun yanzu. Manyan shirye-shirye sukan nemi shaidar rajistar sunan sana'a daga hukumar CAC, kuma yana da amfani mutum ya yi rajista da SMEDAN, hukumar raya ƙananan sana'o'i wadda dokar 2003 ta kafa.

Ga mazauna Ikko akwai ƙarin magana. Asusun LSETF da gwamnatin jihar ta kafa a 2016 yana ba da rance mai sauƙin ruwa, kuma cikin abin da yake tambaya akwai katin zama na LASRRA. Katin na kowane mazaunin jihar ne, ko daga ina ya fito. Mutumin da ya shekara ashirin a Agege bai yanke shi ba, shi ya rufe wa kansa ƙofa.

Bayan takardu sai lissafi. Mai ba da kuɗi yana son ya san abin da ake sayarwa, da masu saye, da ribar wata, da abin da za a yi da kuɗin. Mai tsiren da ya rubuta cewa yana son jari kawai bai faɗi kome ba. Amma in ya ce firji yake so, ya kawo farashinsa, ya nuna naman nawa ke lalace masa a mako da yadda firjin zai tsare wannan hasara, to, ya yi magana mai kama hankali. Wannan ba ya yiwuwa sai da littafin shiga da fita, ko da boko ko da ajami, da adana rasit.

Sai a yi hattara da macuta. Neman waɗannan tallafi kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu don ya sa suna cikin jeri, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya aiko ta waya, ɓarawo ne. Adireshin hukumomin gwamnati a intanet yakan ƙare da gov.ng, kuma mai shakka sai ya taka zuwa ofis ya tambaya.

Daɗin daɗawa, akwai aiki a wuyan Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa. Ya kamata kowace ƙungiya ta naɗa amintattun matasa masu ilmi, su riƙa bin sanarwa suna taya jama'a cika takardu a gaban idon kowa.

Masu nema suna da yawa, masu samu kaɗan ne, saboda haka kada wanda bai dace ba ya yi fushi. Takardun da ya haɗa suna nan, sai ya gyara lissafinsa ya sake nema. Mai nema yana tare da samu. Allah ya sa a dace.