Wa'azi a kan Haƙƙin Ɗan Ƙwadago

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Bayan haka, ya ku malamai da almajiran Katsina, ku sani a shekara ta 2024 hukumar Nijeriya ta yanka mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, gwamnatin Katsina kuma ta karɓa ga ma'aikatanta. Amma dokar ta togace wanda ma'aikatanshi ba su kai 25 ba, da mai aikin jinga, da ɗan ƙwadagon gona. To, ɗan dako na babbar kasuwa, da mai gadi, da lebura mai kwaɓa ƙasa, ina rabonsu? Da baki ake ɗaukarsu, da baki ake sallamarsu. Ran da ciwo ya kwantar da ɗayansu, gidanshi ya kwana da yunwa.

Ku da kuka karanta Risala kun san sharaɗin ijara: a ambaci lada, a yanke ajali. Saboda haka wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya rubuta, ya kafa shaidu biyu, ya biya kan lokaci. Malamai, ku fara da masu yi maku noma. Allah Ya fisshe mu cin gumin talaka. Amin. Wassalamu.